Katin Lafiya da Ranar Ƙarewarsa: Darasi ga Masu Bayarwa da Kwamitocin Masallatai

Darasin da muka zaɓa mu sanya a rahoton bana ya shafi tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga kwamitocin masallatai na Kamba da kewayenta, har zuwa Bagudo da Illo da Kaoje: shin ya dace a ɗauki kuɗin zakka a yankar wa mabuƙata katin inshorar lafiya, maimakon a jira sai ciwo ya kwantar da mutum sannan a miƙe bayan sallar Magariba ana neman taimako? Tambayar tana da kyau, amma amsarta ba ta tsaya ga halal ko haram kaɗai ba. Kafin a kai ga hukunci sai an san abin da ake yanka ɗin, wa ya kafa shi, me yake ɗauka, kuma ta wace hanya mutane ke faɗowa daga cikinsa ba da son ransu ba. Wannan faɗowa ita ce ba a ambata a wurin bikin raba kati, ita ce kuma ta fi shafarmu.

Asalin tsarin a taƙaice

Dokar da ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka sani da NHIS, ta fito ne a 1999, amma bai fara aiki ba sai a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Ba a tilasta wa kowa shiga ba, don haka waɗanda suka amfana galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da iyalansu. Manomin shinkafa a fadamar Dole Kaina, da mai sayar da albasa a kasuwar Kamba, da bafulatanin da ke ruga, babu wanda shirin ya san da zamansa.

A 2014 aka sanya hannu kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta kuma wajabta a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. Rabin kuɗin asusun na biya wa talakawa inshora ne, kashi 45 na magunguna da gyaran cibiyoyi da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin, wato shekara huɗu doka tana kwance a takarda. Daga nan jihohi suka riƙa kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya domin su cancanci karɓar rabonsu. Tamu ta Jihar Kebbi ita ce KECHEMA. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta rushe NHIS ta kafa NHIA, ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma ƙirƙiro asusun masu rauni domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, da masu naƙasa, da fakirai. A lokacin gwamnati ta ce tana nufin kaiwa ga talakawa miliyan 83.

Yau hukumar da kanta tana maganar mutum miliyan 20 ko kusa da haka da ke cikin rajista, a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Duk ɗan kwamitin da ya taɓa ganin an kai tunkiya kasuwa ba ranar da aka yi niyya ba, ko an jinginar da gona saboda tiyata, ya san ma'anar wannan adadi ba sai an fassara masa ba.

Abin da ake jayayya a kai

Muhawarar 'yan siyasa da masana kan wannan tsari tana da rassa, amma gindinta ɗaya ne: wa zai biya? Masu goyon bayan tilastawa suna cewa taimakekeniya ba ta tsayuwa sai mai lafiya da maras lafiya, mai hali da maras hali, duk sun zuba a tukunya ɗaya; idan aka bar wa kowa zaɓi, marasa lafiya kaɗai za su shiga, asusu ya ƙone. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Masu suka kuma suna cewa kalmar wajibi ba ta da ma'ana ga wanda ba shi da albashin da za a yanka, kuma a gaskiya mafi yawan mutanenmu haka suke. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna turjiya ga yankan albashin ma'aikata, suna cewa gwamnati ta fara zuba nata kason tukuna. Gwamnoni da gwamnatin tarayya suna jifan juna kan kuɗin haɗin gwiwa da doka ta ɗora wa jihohi. Asibitoci suna kukan kamfanonin da ke tsakani sun riƙe musu kuɗi. Wannan rigima ce ta yi ƙamari zamanin da Farfesa Usman Yusuf ke shugabantar NHIS, har aka dakatar da shi a 2017, aka mayar da shi a 2018, aka sake dakatarwa, daga bisani aka sallame shi. Kuma a bayan duka akwai alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, wanda gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar cikawa ba.

Ba aikin gidauniyar zakka ba ne ta raba gardama tsakanin jam'iyyu. Abin da muka lura da shi, kuma muke son masu bayarwa su lura, shi ne kowane ɓangare a muhawarar nan da adadin waɗanda aka shigar yake yaƙi. Gwamnati ta ce ta shigar da miliyan kaza, 'yan adawa su ce adadin bai kai ba. Da wuya ka ji wanda ya tashi ya faɗi mutum nawa ne aka shigar bara amma bana katinsu ba ya aiki. Shiga tana da biki da hoto da jawabi. Fita kuwa shiru ake yinta, a gaban tagar karɓar magani, sa'ad da ma'aikaci ya duba takarda ya ce wa uwar yaro sunanta ba ya ciki.

Hanyoyin da ake faɗowa

Ta farko kuma mafi sauƙin ganewa ita ce ƙarewar wa'adi. Katin wanda ba ma'aikacin gwamnati ba na shekara ɗaya ne. In ba a sabunta ba ya mutu, kuma mai shi sau da yawa bai san ranar ba, domin ranar tana rubuce da boko a kan takardar da ke ƙasan adaka. Wannan ba matsalarmu kaɗai ba ce. Ƙasar Ghana ta kafa nata shirin tun 2003, tana ɗaukar nauyinsa da harajin kashi 2.5 a kan kayan saye, ana kuma kafa misali da ita a Afirka ta Yamma. Duk da haka babban ciwon kanta shi ne mutanen da ke yin rajista su kasa sabuntawa, har sai da ta buɗe hanyar sabuntawa ta wayar hannu. A Amurka ma, da duk arzikinta, da aka janye sassaucin da aka yi lokacin annobar korona, daga watan Afrilu na 2023 sama da mutum miliyan 20 aka cire daga shirin kula da lafiyar talakawa, kuma mafi yawansu ba don an tabbatar sun yi arziki ba, sai don takardar da ba ta iso ba ko fom ɗin da ba a cike a kan lokaci ba. In takarda tana kayar da mutum a ƙasar da kowane gida ke da lamba da akwatin wasiƙa, ina ga ƙauyen da sai an shiga kwale-kwale kafin a kai shi da damina?

Ta biyu ta shafi ma'aikata, waɗanda mutane ke ɗauka sun tsira. Tsarin da aka gada daga NHIS yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya zana wannan iyali bai zauna a zauren gidan Bahaushe ko Badandi ba. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara da tsohuwa a ɗaki da marayun ƙaninsa, rabin gidansa ko fiye a waje yake, sai in zai biya ƙarin kuɗi a kan kowane kai. Yaron da ke da ciwon sikila, ranar da ya cika 18 ya fita daga katin ubansa, alhali ciwon bai san shekaru ba. Shi kansa ma'aikacin, a tsarin da aka saba, da ya yi ritaya an daina yankar masa, katin ya tsaya, daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙafa suka fara sallama, kuɗin fansho kuma bai fara fitowa ba. Da yawa daga cikin dattawan da ke jin nauyin kawo kukansu gaban kwamiti irin waɗannan ne: sun yi shekara talatin da biyar ana ganinsu da rufin asiri, ba su iya roƙo ba.

Ta uku ita ce rajistar talakawa. Gurbin da gwamnati ke biya kyauta ƙididdigagge ne, ana kuma zaɓo masu shi ne daga kundin sunayen marasa galihu. Kundin nan shi kansa abin jayayya ne. A watan Yuli na 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta fito fili ta ce ba ta amince da sahihancin kundin ƙasa ba, jihohi su haɗa nasu. Duk lokacin da aka sake kundi, wani ya shiga, wani ya fita, kuma wanda ya fita ba a aiko masa da sammaci. Ga kuma lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda yanzu ake nema a kusan kowace rajista. Matar da aka haifa a ruga, ba takardar haihuwa, ba waya, sunanta a katin zaɓe daban da na katin asibiti, tana iya zama mafi cancanta a unguwa amma na'ura ta ƙi ta.

Akwai kuma faɗowar da ba a cire sunan mutum ba, amma katin ya zama kwali. Tsarin yana biyan cibiyar lafiya wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai kati a kowane wata, ko ya zo ko bai zo ba. A shirin tarayya wannan kuɗi ya yi shekaru sama da goma yana naira 750. A tsakanin nan aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya a watan Agusta na shekarar, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Cibiyar da ake ba naira 750 ba za ta iya ba da maganin da ya ninka ba. Sai a duba mai kati kyauta, a rubuta masa takarda, a ce ya je kemis. A lissafin Abuja yana cikin inshora, a aljihunsa kuwa babu abin da ya sauya. Hukumar NHIA ta ɗaga kuɗin a 2024, ta sake ɗagawa a 2025 zuwa naira 1,450, kuma gyara ne da ya dace. Sai dai kowane ƙari ga asibiti yana dawowa ne a kan kuɗin kati. Shirin ɗaiɗaikun mutane da ƙungiyoyi da aka buɗe a 2020 a kan naira 15,000 ga mutum a shekara tuni ya bar wannan farashi. Gyaran da ya ceci asibiti shi ne ya sauke wanda ƙarfinsa bai wuce tsohon kuɗi ba.

Zaman kan iyaka

Mu da ke Dandi da Bagudo muna da ƙarin wata matsala da masu tsara doka ba su cika tunawa da ita ba. Kamba tana kallon Gaya ta Nijar, Gaya tana kallon Malanbil ta Benin a ƙetaren Kogin Kwara, Tsamiya tana kallon Segbana, a Dole Kaina kuma ƙasashen uku kusan numfashin juna suke ji. Aure ɗaya ne, kasuwa ɗaya, makabarta ma wani lokaci ɗaya. Mace tana aure a wannan ƙetare ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wancan. Kati kuwa na ƙasa ɗaya ne, kai, na jiha ɗaya, kuma an ɗaure shi da cibiya ɗaya da aka rubuta wa mai shi. Da ya haye iyaka ba ya aiki.

Maƙwabtanmu ma sun gwada nasu. Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta tun wajen 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, amma jinkirin gwamnati wajen mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya tara bashi mai yawa, har kyautar ta riƙa zama ba magani a kanta. Benin ta ƙaddamar da shirin inshorar bai-ɗaya a 2011 zamanin Shugaba Yayi Boni, bai yi nisa ba. Gwamnatin Patrice Talon ta zo da wani sabo da ya fara da mafi talauci. Ƙasa uku, suna uku, ciwo ɗaya: alkawari ya fi asusu girma.

Sannan samun mutanen kan iyaka yana hawa da sauka da umarnin da ba su da hannu a ciki. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai a watan Afrilu na 2022. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka sojoji suka karɓi mulki a Yamai a ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har zuwa watan Maris na 2024. Ɗan dako da direba da mai abinci a bakin tasha da ɗan canjin sefa, wanda ya iya biyan katin iyalinsa a shekarar da hanya ke buɗe, ba ya iyawa a shekarar da take rufe. Ciwo kuwa ba ya jiran kwastan. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Nijeriya, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada, shi ya sa ma aka fara ba da rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024.

Matsayin zakka

Yanzu sai mu koma ga tambayar kwamitoci. Game da ita kanta inshora, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke cin ribar abin da ya rage, ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, amma ta taimakekeniya, inda jama'a ke zuba gudummawa don ɗaukar nauyin wanda lalura ta sama a cikinsu, ta halatta. Shirye-shiryen gwamnati da ba don riba aka kafa su ba malamai da yawa na wannan zamani a kashi na biyu suke sanya su. A Sudan, inda aka kafa kamfanin takaful na farko a 1979, hukumar zakka ta ƙasa ta daɗe tana biya wa iyalai matalauta kuɗin inshorar lafiya. Ke nan ba mu ne farkon masu wannan tunani ba.

Mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata su ne masu zakka, kuma fakiri da miskini su ne kan gaba. A mazhabarmu ta Malikiyya ana iya ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, kuma babu mai musun cewa magani yana cikin abin da ke isar mutum. Katin shekara ɗaya ya shiga ƙarƙashin wannan. Inda ake buƙatar kula shi ne mallakarwa: zakka haƙƙin fakiri ce, ba a gina asibiti da ita, ba a zuba ta kai tsaye a asusun da mawadaci da matalauci ke sha tare. Mafitar da muke ganin ta fi kuɓutar da wuya ita ce a sanar da mabuƙaci cewa ga rabonsa na zakka, in ya yarda ya wakilta kwamiti ya biya masa kati da sunansa. In ya ce shi hatsi ya fi buƙata, a ba shi hatsinsa. Ba mu fi shi sanin yunwar gidansa ba. Kuma a tuna, mutum ba ya biya wa waɗanda ciyar da su ya wajaba a kansa kati daga zakkarsa, haka ɗan kasuwa ba ya yankar wa yaran shagonsa daga zakka sannan ya lissafa shi cikin ladan aikinsu.

Wani abin lura mai daɗi: fiƙihu ya fi dokar ƙasa fahimtar zamanmu. Malikiyya sun ce a raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, abin da bai kai nisan ƙasaru ba. Gaya ba ta kai wannan nisa daga Kamba ba. Fakirin can, a idon shari'a, ɗan gida ne, ko da kati ba zai karɓe shi ba. Irinsa, da direban da rufe iyaka ya rutsa da shi ya kwanta ciwo a tasha, da wanda bashin jinya ya yi wa katutu, hanyarsu ita ce biyan kuɗin magani kai tsaye daga rabon fakirai ko na matafiya ko na mabarta. Saboda haka kada kwamiti ya juye dukan kason lafiya cikin kati. A bar wani abu a hannu.

Amma babbar matsalar tana nan: zakka ba a ajiye ta. Da ta wajaba ana fitar da ita, da ta zo hannun mai rabo ana gaggauta isar da ita. Kwamiti ba shi da ikon ɓoye zakkar bana domin sabunta katin baɗi da na shekarar da ke biye. Zakkar baɗi kuwa ba wanda ya san yawanta. Ta danganta da ruwan sama, da ambaliyar Kwara, da farashin shinkafa, da ko iyaka a buɗe take. Har lokacinta bai dace da lokacin buƙata ba. Ushirin gona da kaka yake shigowa, zazzaɓi kuwa da tsakiyar damina yake tsananta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Zakkar kuɗi yawancin attajirai da azumi suke fitarwa, azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kati kuma da kalandar boko yake ƙarewa. Wanda ya ɗora alkawarin da ke dawowa kowace shekara a kan kuɗin da ba shi da tabbas, ya maimaita kuskuren da muke zargin gwamnatoci da shi, da ƙaramin ma'auni.

A ɗauka, don misali kawai, kati naira 15,000 ne, kwamiti kuma yana da naira miliyan 3. Zai iya shigar da mutum 200 na shekara ɗaya, ko ya riƙe mutum 40 shekara biyar in farashi bai motsa ba, kuma zai motsa. Mun san wanne ya fi kyau a shafin rahoto, mun kuma san wanne mai bayarwa zai fi jin daɗin ji. Amma a dubi mai hawan jini da aka ɗora a kan magani wata goma sha biyu, ya daina zuwa wurin mai sassaƙe, jikinsa ya saba, sannan a wata na goma sha uku aka yanke. Likitoci suna gargaɗi cewa tsayar da irin wannan magani farat ɗaya haɗari ne. A dubi matar da ta yi awon ciki wata shida da kati, ya ƙare saura wata biyu ta haihu. Ba a ce taimakon shekara ɗaya banza ne ba. Yaron da aka ceta daga zazzaɓi a shekarar an cece shi. Amma ga mai ciwon da ba ya warkewa, somawa alkawari ne, ko an furta ko ba a furta ba.

Inda waƙafi ya shigo

Abin da zakka ba ta iyawa shi ne aikin waƙafi tun asali: a tsare tushe, a ci amfani shekara bayan shekara. Manyan asibitocin Musulunci na da ba da zakka aka riƙe su ba. Asibitin da Nuruddin ya gina a Dimashƙa a ƙarni na 12, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, hubusin shaguna da gonaki da gidajen haya ne ya ɗauki nauyin magani da abinci da albashin likitocinsu ɗaruruwan shekaru. Mazhabarmu kuma ta fi sauran sauƙi a wannan babi: ta yarda da waƙafi na ƙayyadadden lokaci, ta yarda da waƙafin amfanin abu ba tare da an fitar da shi daga mallaka ba. Ma'ana, attajirin Kamba da ba ya son rabuwa da shagonsa yana iya cewa hayar shago ɗaya ta shekara goma waƙafi ce don sabunta katin marayu. Mai fadama yana iya ware kadada ɗaya ta noman rani. Mai sito a bakin iyaka, mai injin casar shinkafa, mai kwale-kwalen fito, kowa yana da abin da ke kawo kuɗi a kai a kai. Irin wannan kuɗi ne ya dace da sabuntawa. Zakka ta shigar da mutum a shekarar farko in an ga dama, waƙafi ya riƙe shi.

Daga bana muna roƙon kowane kwamitin masallaci, kafin ya shigar da mutum ɗaya sabo, ya fara duba waɗanda aka shigar bara. A buɗe littafi mai suna da unguwa da cibiyar da aka rubuta wa mutum da ranar ƙarewar katinsa, da boko da ajami, a kuma sa mutum ɗaya ya riƙa duba shi farkon kowane wata. A samu mace a cikin aikin, malamar Islamiyya ko ungozoma, domin akwai abin da matar aure ba za ta faɗa wa liman ba. A fifita masu ciwon da ke buƙatar magani kullum, da mata masu ciki, da marayu, da dattawan da ritaya ta sauke. Kafin a biya, a karɓi bayani a rubuce daga ofishin KECHEMA kan farashi da abin da katin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba da ranar da zai fara aiki, a karanta wa mai katin da harshen da yake ji, Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci ko Fillanci.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi a baki. Duk wanda doka ta ce gwamnati ce za ta biya masa, kamar ƙaramin yaro da mai ciki da tsoho da fakiri, kafin mu sa masa kuɗin zakka sai mu fara neman masa gurbinsa na gwamnati: a raka shi ya yi NIN, a kai sunansa ga kwamitin ci gaban mazaɓa, a tambayi mai kula da cibiyar da asusun tarayya ke ɗauka a mazaɓar ko akwai gurbi. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi; ɗan kwamiti ya kamata ya san asibitin da ke cikin shirin mafi kusa da shi kafin dare ya yi wa wata mai naƙuda. Kuɗin nan na jama'a ne, an riga an ware shi da sunan talaka. In muka biya abin da ke kan hukuma ba tare da mun tambaya ba, mun ɗebi haƙƙin fakiri mun toshe ramin da wani ya haƙa, mun kuma rage yawan waɗanda za mu iya kaiwa gare su. Sa'ad da masu neman ƙuri'a suka zo gaisuwa masallatan Juma'a suna faɗin mutum nawa suka shigar, a karɓe su da mutunci, sannan shugaban kwamiti ya buɗe littafinsa ya tambaye su cikin waɗanda aka shigar bara a mazaɓar nan mutum nawa ne katinsu ke aiki yau, kuma wata nawa ke nan rabon cibiyar da ta ga kuɗinta.